KANTIN GIYA: WA KE CIN RIBA, WA KE SHAN BULALA?

Jama'a, yau za mu taɓo maganar da manya ba su son a taɓa, watau maganar kantin giya. Mun sani akwai waɗanda da ganin kan maganar nan za su ninke jarida su ce, ga shi nan, 'yan adawa sun fara kare mashaya. To, su kwantar da hankalinsu. Yawancinmu Musulmi ne, mun san hukuncin giya tun muna makarantar allo, ba mu kuwa nemi a rage masa ko ƙwayar zarra ba. A cikin jam'iyyarmu kuma akwai Kirista da masu bin al'adar kakanninsu, wasunsu na sha, wasunsu ko warinta ba su so. Abin da ya tara mu duka a kan shafin nan tambaya ɗaya ce: wannan ciniki da ake ta tsine masa a bainar jama'a, wa ke ɗaukar ribarsa, wa kuma ke kwana a kurkuku dominsa? Wanda ke son amsa sai ya yi haƙuri ya bi mu baya kaɗan, don abin ba jiya ya soma ba.

Kafin zuwan Turawa babu kantin giya a ƙasar nan. Akwai dai tukunya. Maguzawa da mutanen Filato da na kudancin Zariya da sauran kabilu suna dafa burkutu da fito da dawarsu ko geronsu, mata ne kuwa masu aikin. A jiƙa dawa, a bar ta ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a ajiye ta yi tsami, aikin kusan mako guda. Ana sha ran gayya da ran biki da ran kasuwa, abin da ya kwana biyu kuwa ya lalace, saboda haka ba mai iya tara ta ya yi arziki da ita. A biranen da ke ƙarƙashin tutar Shehu tun jihadin 1804 shari'a ta hana, mai sha sai a ɓoye. Haka abin yake, kowa ya san iyakarsa.

Kwalba ta teku ta shigo. Jiragen fatake na Turai suka riƙa sauke barasa a bakin gaɓa, mafi yawanta mai arha daga Hambag ta Jamus da garuruwan Holan, ana musanyarta da manja da ƙwarar kwakwa. Abin ya kai har a wasu kasuwannin bakin Kwara akwatin barasa ya zama kuɗi, a saye kaya da shi, a biya sadaki da shi, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu ba a buɗe ba. A shekarar 1890 manyan ƙasashen Turai suka taru a Burasel, babban birnin Beljiyam, suka sa hannu a kan yarjejeniya, cewa a tsakiyar Afirka duk inda mutane ba su saba da barasa ba, ko addininsu ya hana, kada a kai musu ita, inda kuwa aka riga aka saba, a ci gaba da kaiwa amma a ɗora mata kuɗin fito. Ku dubi wayon nan da kyau. Da alƙalami guda suka sami sunan masu tausayi, suka kuma sami hanyar kuɗi.

Da Gwamna Lugga ya kafa mulkinsa a Arewa a 1900 sai ya sa ta cikin yankin hani. Ɗan ƙasa ba shi da iznin sayen barasar Turai. Bature kuwa yana da izni, akwatinsa na biye da shi a kan 'yan alaro duk inda ya tafi rangadi. Wannan shi ne tushen dokar giya a ƙasarmu: tun ran da aka haife ta da fuska biyu aka haife ta, ɗaya tana kallon mai mulki tana murmushi, ɗaya tana kallon talaka tana zare ido.

Ga kuma abin da ba a koya wa yaranmu a makaranta. A shekarun nan kafin Yaƙin Duniya na Farko, wajen rabin kuɗin shigar Gwamnatin Kudu daga fiton barasa yake fitowa. Gwamnatin Arewa kuwa harajinta bai isa riƙe ta ba, sai an cika mata daga Baitulmalin Ingila da kuma daga aljihun Kudu. Watau Arewar da aka ce an tsare ta daga barasa, da kuɗin barasa ake cike giɓin albashin Razdan da Joji. Wannan giɓi yana cikin manyan dalilan da suka sa aka haɗe Kudu da Arewa a 1914. Limaman Kirista, musamman Bishop Tugwell, sun yi ta kuka a kan cinikin har Ingila, aka naɗa kwamitin bincike a 1909 a ƙarƙashin Sir Mackenzie Chalmers. Kwamitin ya zagaya, ya saurari shaidu, ya dawo ya ce bai ga alamar barasa tana lalata jama'a ba. Mu dai ba mu taɓa jin an aiki mutum ya bincika tukunyar da ake ɗebo masa tuwo ya dawo ya ce a fasa ta ba.

Hanin ma bai daɗe ba ya fara yoyo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da akawu da makanikai da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, aka yanka musu Sabon Gari bayan ganuwa. Ma'adinan kuza a Jos suka tara dubban leburori, inda duk aka kafa bariki kuwa sai mai burkutu ta kafa rumfa. Gwamnati ta ga ba ta iya hana ma'aikatanta abin da suka saba, sai ta yi dokar giya ta 1917, ta raba ƙasa gida uku: inda aka hana, inda aka ƙayyade, da inda ake sayarwa da lasin. Daga nan kantin giya ya sami takarda da hatimi. Mai kanti ya biya kuɗin lasin, a rubuta masa irin abin da zai sayar, ko a sha a wurin ko a tafi da shi gida, da sa'ar buɗewa da ta rufewa. Tsakanin birni da Sabon Gari kuwa tafiyar ƙafa ce ta ɗan lokaci. Wanda ya zana iyakar ya san da haka sarai.

A 1919 aka sake wata yarjejeniya a Faransa aka hana shigo da barasar nan mai arha, aka ƙara wa sauran kuɗin fito. Me ya biyo baya? Wajen 1930, da kasuwar duniya ta faɗi, kuɗi ya ƙare a hannun mutane, sai mutanen Kudu suka koyi tace barasa daga bammi da ganga da bututu, ga ogogoro ta bazu. Gwamnati ta sa mata sunan haramtacciya, ta cika kurkuku da masu yinta, tana cewa guba ce. Gubar gaskiya ce a wani lokaci, don a 2015 mutane da yawa sun mutu a Jihar Ondo da Jihar Ribas bayan sun sha wadda ta gurɓata. Amma kowa ya san abin da ya fi ƙona ran Gwamnatin mulkin mallaka shi ne ganga ba ta biyan kwastan.

Sa'an nan aka daina wahalar ɗauko giya daga Turai. A 1946 kamfanin UAC da Heineken da abokan cinikinsu suka kafa Nigerian Brewery, kwalbar Star ta farko ta fito a Ikko a 1949, aka buɗe reshe a Aba a 1957. Guinness ta gina tata masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960. To, a nan ne muke so mai karatu ya gyara zama. Kundin Penal Code na Jihar Arewa ya fara aiki a 1960, sashe na 403 kuwa ya ce Musulmin da ya sha abin da ke da giya, in ba don magani ba, a ɗaure shi har wata guda, ko a ci shi tarar fam biyar, ko duka biyu, ban da bulalar haddi. Bayan shekara uku, a 1963, aka buɗe masana'antar giya a Kaduna, hedkwatar Gwamnatin da ta yi dokar. Ba mu ɗora wa mamaci laifi, Allah Ya jiƙan magabata. Muna dai nuna yadda tsarin yake tun asali: alƙali na ƙirga wa ɗan dako bulala a wannan unguwa, injin na cika kwalba dubu a waccan unguwa, Baitulmali kuma na karɓa daga hannu biyun.

Da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, jihohi goma sha ɗaya suka bi bayanta, talakawa sun fito da murna, da gaskiya kuwa suka yi murnar. Sun zaci ranar adalci ta zo, ranar da za a auna babba da ƙarami da mudu ɗaya. An soke lasin a wurare da dama, an rufe mashaya, Kano ta kafa Hukumar Hisba a 2003. A watan Nuwamba na 2013 an sa katafila ta murƙushe kwalabe 240,000 a Kano a gaban jama'a, aka kuma maimaita irin wannan a shekarun da suka biyo. Ba mu raina aikin 'yan Hisba, yawancinsu 'ya'yan talakawa ne masu ɗan alawus, suna yin abin da suka yi imani da shi. Amma mu tambayi manyansu. Kwalaben nan daga sama suka faɗo? Tirelar da ta ɗauko su ta ratsa shingaye nawa kafin ta iso? Wa ya buga mata takarda? In kuwa an murƙushe na bana, me ya sa baɗi ake samun waɗanda suka fi su yawa? Kamfani ya riga ya karɓi kuɗinsa tun a bakin ƙofa, Gwamnatin Tarayya ta riga ta karɓi harajinta, asarar ta faɗa kan dillali da ƙaramin mai kanti da direban da aka tsare. An bar jaki ana dukan taiki.

Ban da wannan, kowa ya san inda dokar ke tsayawa ta cire takalmi. Barikin soja da na 'yan sanda ƙasar Tarayya ce, kasuwar mami da ke ciki ba ta san Hisba ba, da magariba kuwa a je a ƙirga motocin da ke ƙofar a ga ko duka na sojoji ne. Manyan otal-otal da kulob-kulob na unguwannin Turawa na dā suna nan. Mai hali ma ba ya bukatar fita, ana kai masa har gida cikin kwali a bayan mota mai baƙin gilashi. Wadda ake kamawa ita ce bazawara mai tukunya uku a bayan gari, wadda da kuɗin burkutun nan take biyan kuɗin makarantar marayunta. A fasa tukwanen, a kai ta gaban alƙali, a ci ta tara, ta ranto kuɗin tarar, ta komo ta sake dafawa don ta biya bashin. In wannan ne gyaran tarbiyya, to, mun daɗe muna gyara ba mu ga abin da ya gyaru ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke sa gwamnoninmu tari in an tayar da ita. Harajin VAT ya fara aiki a 1994. Ana karɓarsa a kan kaya iri-iri, har da giya, a zuba a asusu ɗaya, a raba wa Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kowane wata. Jihar da ta fasa kwalba da jihar da ta shanye kwalba duk suna miƙa ƙoƙo. A 2021, da Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta yanke hukunci a kan harajin nan, an yi mana gori da wannan a gaban duniya. Gorin ya yi zafi, akwai kuma rashin adalci a cikinsa, don Arewa ce ke ciyar da ƙasar nan da hatsi da nama da albasa, kayan abinci kuwa ba a ɗora musu VAT, saboda haka gumin manominmu ba ya bayyana a littafin. Amma ba mu ji gwamna ko ɗaya ya miƙe ya ce a lissafa kason giya a cire daga rabonsa ba. Ko kwabo ne, ai kwabon yana da hukunci. Wanda ya ce kare haram ne bai kamata a same shi da romonsa a akushi ba.

Kada kuma wani ya ce daga an rufe kanti magana ta ƙare. Amurka ta gwada, da ƙarfin tsarin mulki ma, daga 1920 zuwa 1933. Mashaya suka koma ƙarƙashin ƙasa, 'yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone na Chicago suka yi ƙiba, 'yan sanda suka koyi karɓar na goro, har aka soke dokar. Da aka soke, kowace jiha ta zaɓi hanyarta: wasu suka ba 'yan kasuwa lasin da sharuɗɗa, wasu irin Pennsylvania Gwamnati ta riƙe kantunan barasa da kanta. Suwidin ta kafa kamfanin Gwamnati mai suna Systembolaget a 1955, shi ke riƙe da kantunan sayar da giya mai ƙarfi a kai gida, ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 20 ba, ba ya buɗewa ran Lahadi. Dabararsu ita ce a raba mai sayarwa da kwaɗayin riba, don wanda albashi ke riƙe da shi ba shi da dalilin tura wa yaro kwalba. Ba mu ce a kwaso mana wannan ba, Allah Ya kiyaye a ga Gwamnatin Musulmi a bayan kanta tana miƙa kwalba. Muna kuma tuna Durban ta Afirka ta Kudu, inda hukumar gari ta ƙwace cinikin giyar gargajiya daga hannun mata tun 1909, ta gina mashayunta, ta riƙa mulkin baƙar fata da ribar da ta tatsa daga maƙogwaronsu, har matan Cato Manor suka tashi da sanduna a 1959 suka far wa mashayun. Duk Gwamnatin da ta ɗanɗana kuɗin giya ba ta son mashaya su ragu. Abin da muka ɗauka daga mutanen nan shi ne sun zauna sun yi lissafi a fili, sun faɗa wa jama'arsu abin da suke yi.

Mu kuwa muna can muna kallon katafila, abin ya shigo ta taga. Yau kantin giya mafi haɗari a ƙasar nan ba shi da allo, ba shi da lasin, ba shi da ƙofa. Faranti ne a kan tebur a tashar mota, an jera 'yan ledoji da ƙananan robobi na barasa mai ƙarfi, wasu da sunan maganin basir ko maganin ciwon baya, a farashin da ɗan makaranta zai iya biya da kuɗin tararsa. Direba ya tsotse biyu ya ɗauki fasinja goma sha takwas ya hau hanya. A 2018 Ma'aikatar Lafiya da NAFDAC suka yi yarjejeniya da masu masana'antu, aka ba su shekara biyar su daina zuba barasa a leda da robar da ba ta kai mililita 200 ba. Wa'adi ya cika a farkon 2024, aka fara kame, masu masana'antu suka yi kuka, aka yi zanga-zanga, aka ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen 2025. Ina aka taɓa ba mai tukunya uku wa'adin shekara biyar, balle a ƙara mata? A wancan 2018 ɗin kuma sai da gidan BBC ya nuna wa duniya yadda kodin ya cinye samarinmu da matan aure a cikin gidajen kulle kafin Gwamnati ta hana shi. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

To, me muke nema? Da farko a yi mana magana ɗaya. Tsarin Mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa ba da lasin giya da kula da cinikinta cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Saboda haka kowace ƙaramar hukuma ta lika a ƙofar sakatariyarta sunan duk wanda ta ba lasin, da inda kantinsa yake, da abin da ya biya, da inda kuɗin ya shiga. Inda doka ta hana, a hana kowa, daga mai rumfa har mai otal mai hawa biyar, a kuma daina aika yaran haraji su karɓi kuɗi da safe a wurin da za a aika 'yan kame da dare. Inda doka ta yarda, domin akwai 'yan ƙasa waɗanda addininsu bai hana su ba, su ma kuwa ƙasarsu ce, to, wanda ya biya lasin a tsare masa dukiyarsa, a kuma ɗaure shi da sharaɗi mai tsanani: kada ya sayar wa yaro, kada ya kafa kusa da makaranta ko masallaci ko coci ko tasha, ya rufe a kan lokaci, in ya saɓa a ƙwace takardar ko ɗan wane ne. Farantin tasha kuwa a bi shi har masana'antar da ta cika ledar, don ita ke da adireshi.

Matan burkutu da suka gaji da sana'ar, da yawansu kuwa sun gaji, a ba su jari. Macen da ta iya sarrafa buhun dawa har mako guda ba ta ɓata ba, za ta iya kunun zaki da fura da ƙosai da kiwon awaki. Kuɗin man katafila da na taron 'yan jarida na rana ɗaya ya isa ya tsayar da mata da yawa a kan ƙafafunsu.

Wakilanmu za su kai tambayoyin nan zauren Majalisa a rubuce: lasin nawa aka bayar a jihar nan, nawa aka karɓa, mutum nawa aka hukunta a kan giya, a cikinsu kuma nawa ne ke da mota. Mun san za a ce takardun suna wurin Babban Sakatare, Babban Sakatare kuwa ya tafi taro Abuja. Za mu jira shi. Kowane reshe na jam'iyya kuma, daga birni har ƙauye, sakatare ya ɗauki littafi ya zagaya tashar garinsu ya ƙirga farantan da ya gani da nisansu da makarantar firamare, ya aiko mana. Duk abin da ya iso ofishinmu za mu buga shi a wannan shafi, gari bayan gari.